Amsa kan tsohon injin Lista da ake son haɗa wa janareta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ƙanena, tun daren jiya na saurari muryarka kan tsohon injin niƙan nan da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa, kana tambaya ko zai iya ja maka janareta a gida ko kuwa ka sayar wa 'yan gwangwan. Don Allah kar ka sayar. Wallahi da na ji ka ambaci kilo sai da raina ya sosu.

Na duba hoton da ka turo. Silinda ɗaya, filawil biyu, wato manyan ƙafafun ƙarfen nan masu juyawa a gefensa, a jikin farantin kuma an rubuta 6/1, wato doki shida. Shi ne ake ce wa CS. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ne ya yi ta ƙera irinsa, tun wajen 1930 har zuwa 1987, mutanen Indiya kuma suna kwaikwayonsa a Rajkot. Naka dai Dursley na gani a rubuce, na asali ne.

Zai ja, sosai ma. Amma ka saurare ni a nan, don nan ne mutane ke ɓata aiki. Injin nan juyi 650 yake yi a minti, a hankali yake tafiyarsa, shi ya sa ya daɗe haka. Kan janareta kuwa, irin wanda zai ba ka wuta kamar ta NEPA, 50 ɗin nan da kake gani a mita, juyi 1500 yake so. Akwai mai 3000, kar ka sayi wannan, ka karanta farantin da idonka kafin ka biya. To, tazarar nan da fuli, wato ƙafar da bel ke hawa a kai, ake cike ta. Ka ɗora bel a kan filawil ɗin kansa. Ka sa tef ka auna faɗinsa daga gefe zuwa gefe, yawanci inci 24 ne. In haka ne, fulin da za ka sa wa kan janaretan ya zama inci 10 da ɗan ɗoriya. Ko inci 10 cif ka samu ya yi, zai ɗan haura 1500 in ba kaya, da ka ɗora masa kaya ya sauko daidai.

Abin da nake roƙonka, kar ka bari wani ya ɗaure maka sifirin ɗin gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin, wai don wuta ta ƙaru. Na taɓa ganin wanda aka yi wa haka, injin ya dinga tsalle har ya tsinke ƙusoshin gindinsa. Filawil ɗin nan zubin ƙarfe ne, in gudu ya wuce ƙa'idarsa yana iya tarwatsewa, Allah ya kiyaye.

Wutar da za ka samu, ka sa ranka a kan kilowat 3 ko ƙasa kaɗan. Fankoki, ƙwayaye, talabijin, firiji ɗaya, duk zai ɗauka. Dutsen guga da hita a tare, a'a. Kuma za ka ga ƙwai yana ɗan ƙifta ido, kar ka ce lalacewa ce. Silinda ɗaya ne, wajen sau biyar kawai yake bugawa a daƙiƙa, tsakanin bugu da bugu nauyin filawil ne ke riƙe da shi.

Sai gindi. Kar ka ajiye shi kan katako ko daɓen ɗaki. A haƙa rami a zuba kankare mai kauri, a dasa ƙusoshin a ciki, kuma kar ya haɗu da bangon gida, in ba haka ba katanga za ta tsage. Ruwa kuma duro ɗaya ya isa, ka ɗaga shi sama da injin, tiyo ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ruwan zai riƙa zagayawa da kansa ba famfo. Ka dai tabbata ruwa ya rufe bakin tiyon sama kullum.

Tunda ya shekara da shekaru a ajiye, ka buɗe murfin ciki ka wanke da kananzir, a zuba sabon baƙin mai, a wanke tankin gas, a kai nozul a gwada. Ka duba makullin da ke riƙe filawil a jikin shaf, in ya yi sako-sako kar a tayar.

Wajen tayarwa, ka ɗaga ɗan ƙarfen da ke sakin iska, ka juya handil sai injin ya ɗau gudu sannan ka saki ɗan ƙarfen. Babban yatsa kar ya zagaye handil. Kuma ba a zuwa kusa da shi da babbar riga ko rawani, yara ma a yi musu shinge. Salansa a fitar da ita waje nesa da tagar ɗakin kwana, hayaƙin nan kisa yake yi. A sa canji-oba kuma, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta NEPA, kar wutarka ta koma layi ta kama ma'aikacin da ke kan turke.

Ka auno min filawil ɗin yau ka turo, tare da hoton farantin kan janaretan da kake son saya. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo da sifanonina mu buɗe shi tare.