Amsa ga ɗan ƙanwata a kan kwaikwayon muryar mutane

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce mahaifiyarka ta hana ka saka bidiyon da kake kwaikwayon muryar mutane a TikTok, kana tambaya ko wannan hani na manya yana da tushe, ko kuwa tsohuwar al'ada ce da zamaninta ya wuce, tunda baiwa ce Allah ya ba ka, mutane kuma suna jin daɗi. Da farko na yi murmushi, don na tuna kana ƙarami kana laɓewa bayan ƙofa kana kiran ƙannenka da muryata, su taho a guje. Murmushin ya ɗauke ne da na kai wurin da ka ce bidiyon da ya fi samun masu kallo shi ne na maƙwabcinku mai in'ina.

Baiwar kam kana da ita, ba na musu. Amma bari in ba ka labarin wani da ya fi ka.

Muna makarantar kwana akwai wani yaro a ajinmu, in ya ji mutum ya yi magana, shi ke nan ya ɗauke muryarsa, har da yadda yake jan numfashi da gyaran murya. Akwai kuma wani mai in'ina, shiru-shiru, ya fi kowa iya lissafi. Wata rana da daddare lokacin bitar karatu, mai baiwar nan ya hau kan benci ya shiga karanta darasi da muryar mai in'ina, yana maƙalewa, yana lumshe ido, yana buga cinya da hannu kamar yadda shi yake yi. Aji ya kaure da dariya. Shi kuwa wanda ake yi da shi ya sunkuyar da kai kan littafinsa, alƙalami na rawa a hannunsa. Ashe malaminmu yana tsaye a bakin taga.

Bai ce uffan ba sai da safe. Ya kira su biyun gaban aji, ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, ya ce wa mai baiwar: maimaita abin da ka yi jiya, ga shi nan kusa da kai. Baki ya ƙi buɗuwa. Zufa kawai ke keto masa. Muna ta jiran bulala, sai malam ya tambaye shi a wane harafi harshen ɗan'uwansa ke maƙalewa. Nan take ya amsa: a kan k da b, in sun zo a farkon kalma, musamman in an kira sunansa ba zato. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da shi ba mu taɓa lura ba. Malam ya ce to, tunda kunnenka ya kama abin da namu bai kama ba, daga yau kullum da yamma ku riƙa karatu tare, murya ɗaya, lokaci ɗaya.

Abu ne sananne cewa mai in'ina in yana karatu a tare da wani, ko yana rera waƙa, harshensa yakan saki. Ranar taron ƙarshen shekara, yaron nan ya tsaya gaban makaranta duka ya karanta jawabi, abokinsa na gefensa yana binsa a hankali, ƙasa-ƙasa, yana ɗaga murya kaɗan duk lokacin da ya hango k na tafe. In'inar ba ta rabu da shi ba, har yanzu yana yi. Amma tun daga ranar ya koma ɗaga hannu a aji.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kakarmu kuwa cewa take duk abin da ka iya wanda wani bai iya ba ajiya ce aka ba ka, kuma mai ajiya zai dawo ya tambaya. Ka ce al'ada ce. Ka duba Suratul Hujurat, aya ta 11, ka ga abin da aka ce game da yi wa juna izgili.

Lokacin da nake koyar da ilimin sinadarai ba na gama zango ban ba ɗalibai labarin Fritz Haber na Jamus ba, don su ga yadda baiwa ɗaya ke iya amfanar mutane ta kuma cutar da su. A 1909 ya gano yadda za a haɗa sinadarin amoniya daga iskar da muke shaƙa, wanda shi ne tushen takin zamani da gonakin duniya ke dogaro da shi. Shi ɗin dai ya jagoranci sakin iskar guba ta kulorin a kan sojoji a Ypres, cikin Beljiyam, ranar 22 ga Afrilu 1915. Matarsa Clara, ita ma masaniyar sinadarai, ta kashe kanta ba a cika mako biyu ba. An ba shi kyautar Nobel ta 1918, kuma har gobe ana gardama a kansa.

Abin da ke damuna da zamaninku shi ne, dariyar ajinmu a cikin aji ta ƙare. Taku kuwa tana nan a waya, ana turawa, ana adanawa. 'Ya'yan maƙwabcin nan naku za su girma su gani, abokansu ma za su gani. Kuma kun saba auna abu da yawan masu kallo, ba wanda ke tambayar yadda aka kwana a gidan wanda aka yi da shi. Shin ka taɓa nuna masa bidiyon? Da kai zaune kusa da shi?

Ban ce ka daina kwaikwayo ba. Ni kam ka ci gaba da yin muryata, na yafe maka, ka ma turo min in gani. Kakarka idonta ya yi rauni, ta daina iya karanta komai, kuma tana yawan tambayarka. In ka samu hutu ka je ka zauna da ita ka karanta mata labarai, kowane mutum a ciki da tasa muryar. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata zan kira ta ranar Juma'a.