Filin Tambaya da Amsa: Ta Wace Hanya Za Mu Karrama Malaminmu da Ya Rasu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, a watan jiya Allah ya yi wa malaminmu rasuwa, farfesa ne a fannin shari'a da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero. Bayan aikin aji, duk ranar Asabar bayan la'asar yakan zauna a zauren gidansa yana sauraron matan da aka danne wa gado da iyayen yaran da ke tsare, ba ya karɓar ko sisi. Mu ɗalibansa mun tara kuɗi, sai ra'ayi ya rabu: wasu suna son a shirya gagarumin taron lacca, wasu kuma suna son a nemi gwamnati ta sa sunansa a wani titi. Wanne ya fi dacewa? Daga tsohuwar ɗalibarsa, Gwale, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalansa da ku haƙurin wannan babban rashi. Hajiya, amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki, domin abin da kika fi tunawa da shi game da Malam shi ne zauren nan na ranar Asabar, kuma ina ganin shi ya kamata kuɗinku ya raya.

Taron lacca ba laifi ba ne, amma mun san yadda yake ƙarewa: a kafa rumfuna, a yi hayar kujeru, manyan baƙi su zo a makare, kafin magariba an watse kuma rabin kuɗin ya tafi. Sunan titi kuwa yana hannun gwamnati, sannan mutanen Kano sun saba ci gaba da kiran titi da tsohon sunansa ko da an canza allo. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya bayyana cewa idan mutum ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ilimin da Malam ya bari yana ƙirjinku, kuma idan kuka yi aiki da shi don talaka kyauta, da yardar Allah ladan zai riƙa isa gare shi.

Bukatar a fili take. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40, ban da laifukan da hukuncinsu kisa ne, amma uwar da ɗanta ya kwana bakwai a tsare ba ta san da wannan ba, sai dai ta sayar da akuyarta ta bi masu cewa za su yi mata hanya. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma duk lauyan da ya taɓa shiga gidan gyaran hali na Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano ya ga matashin da abin da ya hana shi fita bai wuce rashin mai tsaya masa a beli ba, ko 'yar tarar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ku tsara jadawali, kowane mako lauyoyi biyu su zauna, ku riƙa ɗaukar ɗaliban shari'a na ajin ƙarshe su ga yadda ake yi, sannan ku haɗa kai da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 saboda irin wannan aiki.

Akwai abin da nake jan hankalinku a kai, domin na ga inda ya ɓata zumunci. Littattafan Malam da zauren kansa sun zama dukiyar magada tun ranar da ya cika, kuma ba a taɓa su sai an biya bashi an zartar da wasiyya. Idan akwai ƙananan marayu a cikin magadan, babu mai ikon yin kyauta da rabonsu. Hanya mafi tsabta ita ce a yi wa littattafan kuɗi, ku saya daga hannun magada, sannan ku mayar da su waƙafi a rubuce gaban shaidu. Zauren kuma ku nemi izinin iyalinsa cikin ladabi bayan uwargidansa ta fita takaba. Idan hakan zai takura su, ku nemi ɗaki a makarantar Islamiyyar unguwar.

Game da kuɗin, kada ya zauna a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Ku yi rajistar kwamitin amintattu a CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ku buɗe asusun da sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire ko kwabo, kuma duk shekara ku karanta wa masu ba da gudummawa lissafin mutanen da aka karɓo da kuɗin da aka kashe. Idan kuna son laccar, a wannan zaman ne za ta fi armashi, iyalan Malam suna sahun gaba.