Na zuba jarina a babura masu ƙafa huɗu na mutane, yanzu aljihu wayam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni bakaniken babura ne a Rigasa, na haura shekara goma a sana'ar. Bara wani Alhaji mai gona a hanyar Kachia ya kawo mini babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, Allah ya ba ni sa'a na tayar da shi. Daga nan abokansa suka fara turo nasu, ina gyarawa a gida in na taso daga gareji. Na ware naira 900,000 don wannan harka. Yanzu guda huɗu ne a tsakar gidana, kuɗin kaf sun tafi wajen sayen kaya, biyu har yau sun ƙi tashi, masu su kuma sun ce sai sun ga babur na gudu za su biya. Wani abokina ya ce in sayar da filina in yi odar matattun irinsu daga Amurka in gyara in sayar, wai riba ninki uku ce. In nemi ƙarin jari ne, ko in bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam bakanike. Ka bar filinka inda yake, kuma kada ka karɓi bashin kowa. Ko miliyan biyar aka damƙa maka yau, kafin damina ta fita za su bi sawun waɗancan, domin ba ƙarancin jari ke damunka ba. Kana sayen kaya kafin ka gano ciwon babur, kuma da kuɗinka kake saye, babur ɗin kuwa na wani ne. Ka zama mai ba Alhazai bashi ba tare da sun roƙe ka ba. Mutumin da ya iya sayen abin hawa na miliyoyi don zagaya gona, kai ne za ka ranta masa kuɗin kafireta?

Na san inda ka samo wannan ɗabi'a. A kan Bajaj da Jincheng canki-canka ba ta da tsada. In ka zargi kwayil ka aiki yaro ya sayo, in ba shi ba ne ka jefa a akwati, kafin la'asar wani ɗan acaɓa zai zo da matsalar da za ta cinye shi. Babur mai ƙafa huɗu ba haka yake ba. Abin da ka saya wa babur ƙirar Polaris ba zai hau ƙirar Yamaha Grizzly ba, ko a kamfani ɗaya ma na wannan shekara kan saɓa da na waccan. In ka yi kuskure, kayan nan zai kwana a ɗakinka har ya yi tsatsa, don mai irin wannan babur na gaba sai Allah ya kawo shi. Kayan wuta kuma, da zarar ka ɗaura, babu ɗan kasuwar da zai karɓa ya mayar maka da kuɗi, a kasuwar Panteka ta Kaduna ne ko a Ladipo ta Legas.

Akwai wani bakanike a Kakuri da na taɓa zama da shi kan lissafinsa. An kawo masa ƙaramin babur na yara ɗan Chaina, mai inji 110, ba ya ba da wuta. Ya sayi fulogi, ya sayi kwayil, ya sayi sidi'ai, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, har ya buɗe inji ya canza kwayil ɗin ciki. Shiru. Ashe a bayan babur ɗin akwai wata 'yar hular roba mai igiya, wadda aka yi don uba ya fizge in yaro ya kwasa da gudu, injin ya mutu nan take. Yara sun cire ta sun yar. Muddin ba ta a wurinta babur ba zai tashi ba ko za a kwana ana murza makulli. Mai babur ya ce shi bai sa a sayi komai ba, kuma gaskiyarsa ne.

Yawancin baburan da ake kawo muku ba aiki ne ya kashe su ba, zama ne. Alhaji ya hau sau biyu lokacin girbi, a tura shi sito, sai bayan wata biyar a tuna da shi. Batir ya sauka, fetur ya bushe a cikin kafireta ya bar danƙo, ƙaramin jet ɗin silo, wato mashigar fetur ta cikin kafireta mai rami kamar bakin allura, ya toshe, ɓera ya ci waya a ƙarƙashin kujera. Duk wannan aikin hannu ne, kuma a nan ribarka take. Kafin ka taɓa aljihu, ɗora mita a kan batir: lafiyayye mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12.6, in inji na aiki kuma ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Bai hau ba, to sai a fara maganar caji. Duba fis. Duba makunnin kashewa na kan hannu. Da yawansu ba sa juya sitata sai giya na furi ko ka damƙe birki, kuma ɗan makunnin da ke jikin birkin kan mutu da laka. Cire fulogi ka jingina shi da jikin inji ka ga ko yana tartsatsi. Buɗe akwatin iska, soson ciki kan toshe da ƙurar hunturu har inji ya kasa numfashi. Zaro sandar baƙin mai: in ya koma fari-fari, an tsallaka rafi da shi ruwa ya shiga, wannan kuwa magana ce babba da dole mai shi ya ji tun kafin ka kwance ƙusa ɗaya. Sai ka gama wannan zagaye kake da bakin cewa ga abin da ya lalace.

Wannan zagayen kuma ba kyauta ba ne. Ka sa masa kuɗi, ko naira 10,000 zuwa 15,000 gwargwadon girman babur, a biya ranar da aka sauke shi, a gyara ko a fasa. Likita ma sai ka yanki kati yake duba ka. Na san za ka ce da nauyi ka tambayi babban mutum irin wannan kuɗi. Nauyin nan shi ya cinye maka 900,000.

Bayan bincike sai takarda. Ka rubuta sunan kowane kaya da farashinsa da kuɗin aikinka daban, ka ɗauki hoton abin da ya lalace ka tura masa ta WhatsApp, ya amsa da bakinsa cewa a saya. Kuɗin kaya ya biya duka kafin ka yi oda, ba kafin alƙalami ba, duka. Kuɗin aiki rabi yanzu, rabi ranar ɗauka. Kuma ka faɗa masa farashin nan na kwana uku ne, domin kayan Polaris da Can-Am da manyan Honda da dala ake sayo su. Ka tuna a farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wani da na sani ya yi wa mai gona alkawarin farashin bel, wato robar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu, a baki, kafin kaya su iso kuɗin sun kusa ninkawa, ga shi ya auna bel ɗin da ido maimakon ya karanto lambar da ke jikin firam da shekarar ƙira. Da ya iso ya yi gajere. Har yanzu yana rataye a ƙusa a shagonsa.

Abin da za ka iya ajiyewa da kuɗinka kaɗan ne: fulogi, fis, tiyon mai, matatar mai, giris, da kayan ƙananan 'yan Chaina masu inji 110 da 125, tunda injinsu ɗan'uwan na roba-roba ne, in ba su tafi nan ba za su tafi a gareji. Naira 100,000 ta isa wannan har da canji. Af, tunda a gida kake aiki, fetur da kake wanke kafireta da shi ya yi nesa da madafa, kuma kada ka tayar da inji a cikin zaure a rufe.

Batun Amurka kuwa, kitse kuke gani a jikin rogo. Abokinka ya kalli bidiyon wani Bature da ya sayi mataccen babur ya wanke kafireta ya sayar da riba, bai ga goman da aka yi asara a kansu ba, don ba a ɗora irin wannan a intanet. Wanda ake gwanjonsa a can yadda yake ake sayar da shi, ba gwaji ba mayarwa, kuma da yawa ruwa ne ya ci su ko firam ya karye. Ka ɗora kuɗin jirgin ruwa, da na kwastan, da na fito da kaya a tashar Legas, da na motar da za ta kawo su Kaduna, sannan kayan gyara da dala. To in ka gyara, wa zai saya? Zauna ka lissafo mutanen da ka sani a garin nan da ke neman irin wannan babur da kuɗi a hannu. Manomin gaske da irin wannan kuɗi ƙaramar tarakta ko babur mai ɗaukar kaya zai nema. Kai da kake da huɗu a tsakar gida ka kasa fitar da kuɗinka daga cikinsu, kwantena guda kake so ka ƙaro? In abokin ya tabbata da ninki ukun nan, ya fara sayar da nasa filin.

Yanzu ga waɗanda ke hannunka. Daren yau ka samu littafi, kowane babur da shafinsa, ka rubuta duk abin da ka saka masa, ka nemo rasit inda akwai. Biyun da suka tashi kada su fita daga ƙofarka sai an biya ka cif, kuma ka sanar da masu su cewa bayan mako biyu akwai kuɗin ajiya kullum. Biyun da suka ƙi, kada ka ƙara musu ko sisi. Koma ka bi su daga batir kamar yau aka kawo su. Kayan da ka saya bisa zato kuma ya zama ba su ne ciwon ba, kada ka ɗora wa mai babur, cire su ka mayar da nasa na asali, ka nemi mai saye ko da faɗuwa. Sauran lissafin ka kai wa kowane Alhaji da ƙafarka, kada ka aiki yaro, ka ce: Alhaji, ga abin da na gano, ga abin da zai ci, in an turo kuɗin kaya zan ci gaba. Wanda ya ce shi sai ya ga babur na gudu, ka kwance sababbin kayanka, ka ba shi haƙuri, ya turo mota a ɗauki abinsa.