An saka 'yata ajin adabi: in canza mata makaranta?

Tambaya: Malam, 'yata ta gama JSS 3, makaranta ta saka ta ajin adabi, ita kuwa likita take son zama. In mayar da ita makarantar da ta yi suna? Daga wani uba a Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya raya ta. Maganar aji ta fi sunan makaranta nauyi, don haka da ita zan fara. Jami'a ba za ta ɗauki yarinya karatun likita ba sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Wadda ta zauna ajin adabi daga SS 1 ba za ta rubuta fiziks da kemistiri ba, ƙofar ta rufe ke nan tun tana 'yar shekara 14 ko 15. Abin da ke ci mini rai shi ne, sau da yawa da sakamakon jarrabawa ɗaya ake yanke wannan hukunci, wani lokacin ma cikar kujeru ce kawai. Na ga yarinyar da zazzaɓi ya kayar a makon jarrabawa, aka tura ta adabi, babu wanda ya buɗe littafinta na lissafi.

Ka je wurin shugaban makaranta tun zangon farko, ka nemi a duba makinta na lissafi da kimiyya na shekara uku. In bai kai ba, ku zauna da ita. Lauya ma ta adabi yake bi.

Makarantun da suka yi suna kuma, a yi musu adalci. Kwalejojin kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe wa maza a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma da jarrabawa suke tace ɗalibai, don haka wani kaso na nasarar, yaran ne suka zo da shi. A Kenya an gwada waɗanda suka shiga manyan makarantun ƙasa da ƙyar da waɗanda maki kaɗan ya hana, aka tarar jarrabawarsu ta ƙarshe kusan ɗaya ce.

In sun ƙi mayar da ita kimiyya, canza mata. Kafin ka biya kuɗi, shiga ɗakin gwaji da ƙafarka, ka ga ko kwalaben sun yi ƙura, ka tambayi 'yan SS 2 yaushe rabonsu da malamin fiziks.