Aladuna sun rage cin abinci da bazara, ko bitamin zai taimaka?

Tambaya: Ina kiwon aladu a Numan, jihar Adamawa, farare irin Large White. Tun shigowar bazara suka rage cin abinci, sai kwanciya da haki, mai shayarwar cikinsu kuma duk ta rame. Mai shagon maganin dabbobi ya ce in riƙa zuba musu bitamin C a ruwa. Zai yi amfani, ko asarar kuɗi kawai zan yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Bitamin yana taimakawa, amma ba zai raba su da zafin ba, kuma da ni ce ke, ba da C zan fara ba.

Alade kusan ba ya yin gumi. Babba ya fi sakewa tsakanin digiri 16 da 22, ga shi Numan takan kai 40 da rana a Maris da Afrilu. Abin da ya rage masa sai haki da birgima a taɓo. Narkar da abinci ma zafi yake ƙara masa, shi ya sa yake kau da kai daga kwano. A lokaci guda jini yana komawa fata don fitar da zafi, hanji ya rasa isasshe, bangonsa ya yi rauni, gubar ƙwayoyin cuta ta samu hanyar shiga jini.

To a nan ne bitamin yake da rana. Aladen da ya rage ci ya rage samun bitamin, a daidai lokacin da jikinsa ya fi buƙata. Wanda ya fi kare ƙwayoyin jiki daga irin wannan lahani shi ne bitamin E, kuma tare da sinadarin seleniyam yake aiki. Ma'aunin hukumar binciken kimiyya ta Amurka, NRC, na 2012 ya sa bitamin E awon IU 11 (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne) a kowane kilon abinci ga masu tasowa, 44 ga iyaye mata, amma wannan mafi ƙaranci ne, na lokacin da ba wata matsala. A wani gwaji na Jami'ar Melbourne ta Ostareliya da aka wallafa a 2016, aladun da aka ba IU 200 na bitamin E da miligiram 1 na seleniyam a kilon abinci, hanjinsu ya fi jure zafi. Sai dai don Allah kada ki auna seleniyam da ido. In ya haura kamar miligiram 5 a kilon abinci ya zama guba: gashi ya zube, kofato ya lalace, wani ma ƙafafunsa su shanye. Ki nemi haɗin bitamin na aladu wanda E ɗinsa ke da yawa, ki bi awon da ke jikin buhu, ƙari kuwa sai da shawarar likitan dabbobi. Ki duba ranar da aka yi shi, ki ajiye a inuwa, baki a ɗaure, domin zafi da laima suna kashe ƙarfinsa.

Shi C, hantar alade tana haɗa nata, kuma gwaje-gwajen ƙara shi ba su zo ɗaya ba: wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba. Ba ya cutarwa. In kin riga kin saya, ki dama sabo kullum da safe a roba, ba kwanon ƙarfe ba, don saurin lalacewa gare shi a ruwa mai ɗumi.

Abin da ya fi damuna ita ce mai shayarwar nan. Tana buƙatar ruwa lita 25 zuwa 40 a yini, mai sanyi, kada ya yanke ko na awa ɗaya. Ki ba su abinci da asuba da kuma bayan faɗuwar rana. Ki rage dusa da tsakin burkutu, suna ƙara zafin ciki, ki ɗan sa manja mai kyau, wanda bai yi ɗaci ba. In rufin kwano ne, a shimfiɗa ciyawa ko zana a kai, a buɗe gefe iska ta ratsa. Da rana ki jiƙa mata wuya da kafaɗu a hankali, amma kada ruwan ya taɓa jariran, su ɗumin digiri 30 suke so a makon farko. Namijin barbara ma in zafi ya buge shi, maniyyinsa yakan kai mako 6 zuwa 8 kafin ya gyaru.

Ki kuma lura: mai fama da zafi yakan farfaɗo da yamma ya ci abinci. In kin ga dare ya yi bai tashi ba, kunnuwa da ciki sun yi ja ko shuɗi-shuɗi, zafin jiki ya kai 41, ko suna mutuwa a jere, wannan yana iya zama zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ba shi da magani. Ki ware marasa lafiyan, kada ki kai ko ɗaya kasuwa, ki kira likitan dabbobi a ranar.