Kafin ka taɓa kafireta, cire salansa

Ka ce injin yanka katakon da aka kawo ya ƙi tashi, ka ja igiya har kafaɗarka ta yi tsami, wuta na nan a fulogi, mai kuma yana sauka, wai ko ka kwance kafireta ka wanke. Ajiye sukudireban nan tukuna. Haka kuke yaran yanzu, inji ya yi atishawa sai ku ce kafireta, don ita kuka ga ana wankewa a waya.

Zancen makunni da cok da fulogin da ya jiƙe ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai san ya zare fulogi ya ja igiya inji ya amayar da man da ya sha ba, gara ya nemi wata sana'a. Tazarar bakin fulogi rabin milimita ce, tun makonka na farko na faɗa maka.

Abin da ban ji ka ambata ba shi ne kwamfureshan, wato matsin da fistin ke yi a cikin silinda. Kama hannun igiya ka ɗaga injin da shi, in yana da maɓallin rage matsi kada ka danna. In ya tsaya yana tirjiya, da sauran numfashi. In ya zame ƙasa sululu, ko ka wanke kafireta da sabulu ba zai tashi ba. Sai ka kwance salansa, ka haska tocila cikin ramin, ka ja igiya a hankali har fistin ya wuce ta gabanka. Mai lafiya sumul yake, da ɗan damshin mai, ringi na motsi in ka taɓa shi. Wanda ya ci wuta za ka ga zane daga sama har ƙasa, alminiyom ya narke ya liƙe ringi a mazauninsa. Wannan dubawar a gaban mai inji ake yinta. Man da ke tankinsa kuma ka juye a gorar roba mai haske, ka rufe ka ajiye, shi ma yana kallo.

Ka san dalili? Akwai wani dillalin katako, yana nan da ransa a garin nan, ba zan kira suna ba. Ya kawo min STIHL 070, na kamfanin Jamus na ainihi, mai cc 106, ba irin kwaikwayon da suka cika kasuwa ba. Fistin ya mutu, silinda ta tafi. Ya tsugunna a bakin shago yana roƙo, wai "Oga, ka sa kuɗinka, ina sauke katako zan biya ka har da goro." Babbar Sallah ta matso a lokacin. Kuɗin da na tara na ragon layya na ɗauka na aika Kano aka sayo silinda da fistin na asali. Na haɗa da hannuna, na saita, na gwada shi a kututturen kirya, kuma ka san kirya ba ta wasa da sarƙa. Ya shige ta yana watso garin katako, mutumin yana tsaye yana ta "Allah ya saka". Ya ɗaura a babur, yaransa suka yi dajin wajen Ningi.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo da mutum biyu, inji ya kafe, igiya ko motsi ba ta yi. Tun daga bakin titi yake ɗaga murya don 'yan layi su ji, wai na cuce shi na sa masa jabun kaya. Na buɗe tanki, an wanke shi tas, an zuba sabon mai gauraye da kyau har da launinsa. Dubi wayo. Inji ya kwana a daji amma tankinsa ko ɗigon datti babu.

Na cire salansa. Fistin ya ƙone ta ɓangaren hayaƙi, a bushe ƙamas, ɓangaren kafireta kuwa lafiya lau. Riƙe wannan da kyau: in ƙura ce ta shiga, ta hunturu ko garin katako saboda matatar iska ta yage, ɓangaren da iska ke shigowa ne ke karcewa. In ɓangaren salansa ne, zafi ne da rashin mai. Na duba sukurun H na kafireta, mai daidaita fetur in inji na gudu sosai, wanda na bar shi a buɗe kusan zagaye ɗaya, na tarar an ɗaure shi ya kusa ƙurewa. Masu yanka suna yin haka don inji ya riƙa kuka da ƙarfi kuma ya rage shan mai. Sun manta wannan inji ba shi da kaskon baƙin mai irin na mota. Man da ke shafa fistin a cikin fetur yake tafiya, in ka tsuke hanyar fetur ka tsuke nasa.

Na yi wa dattawan layinmu wannan bayani dalla-dalla, da fistin a hannuna. Suka kalli fistin, suka kalli tankin mai mai kyau, suka kalli babbar rigarsa. Suka ce a yi haƙuri, a raba asara. A raba! Ni da ko a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ka ambaci aikina an san shi. Daga baya wani yaronsa ya same ni a masallaci ya raɗa min cewa baƙin man da aka juye daga mota suke gaurayawa, da ya ƙare kuma akwai wani maɗaci da ya rage, maigidan ya ce a zuba zallar fetur a ƙarasa. Na ce zo ka faɗa a gaban mutane, ya ce a ƙarƙashinsa yake cin abinci. Rabin da aka yanke masa ma har yau ban gan shi ba. Shekarar naman maƙwabta 'ya'yana suka ci. Yanzu yakan wuce a mota ya sauke gilas ya ce "Oga, ya aiki?"

Kuma abin ƙaruwa yake. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ƙwauron mai yake, wasu 'yan bumburutu suna yi wa fetur algus, masu inji suna auna man 2T, wanda ake gauraya wa fetur, da ido. Da mai kyau irin na kamfanin, 50 da 1 ne, wato mililita 100 a lita 5 na fetur. In mai ne na gama-gari, 25 da 1, mililita 200. A jarka ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tanki ba. Gorar nan da na ce ka juye za ta nuna maka komai: ruwa yana kwanciya a ƙasa, baƙin mai yana dagula launi, tsohon fetur kuwa hancinka zai gaya maka, in dai ka ɗago shi daga TikTok.

In fistin ya fito lafiya, to lokacin ne za ka waiwayi abar ƙaunarka. Fara da matatar da ke cikin tanki da tiyon mai, sannan ka buɗe kafireta ka taɓa 'yar baƙar robar nan da ke cikinta. In ta yi tauri tana ƙaras-ƙaras, sauya ta, kada ka tsaya lallashi. Kada kuma in ga ka zura waya a ƙananan ramukanta. In ya tashi yana gudu shi kaɗai ba ka taɓa totur ba, kashe shi nan take, mai yiwuwa iska yake sha ta sil, wato robar da ke hana iska shiga inji, wannan aikina ne ba naka ba, kai da kake tambayar yaushe za a yaye ka.

Kira mai injin ya zo bayan La'asar, ina shago lokacin. In fistin ya ci, kada ka faɗa masa farashi, ni zan faɗa, kuma sai ya ajiye kuɗin kaya cif kafin a aika Kano.