Amsa: Shin fafutukar mata tana kawo sauyi kuwa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko fafutukar mata tana canza wani abu a duniya, ko dai surutu ne kawai a zauren taro. Tana canzawa mana.

Ki duba Laberiya. A 2003, yaƙin basasa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Leymah Gbowee ta haɗa kan mata Musulmi da Kirista, suka sa fararen kaya suna zaman dirshan. Da tattaunawar sulhu ta cije a Accra, babban birnin Ghana, suka tare ƙofofin zauren, suka ce ba mai fita sai an daidaita. A watan Agusta aka sa hannu kan yarjejeniya. Da yawa daga cikin matan 'yan kasuwa ne marasa muƙami, kuma wannan ne ya fi taɓa min zuciya.

A Kenya ma, Wangari Maathai ta fara dashen itatuwa da matan karkara a 1977, har ta samu kyautar Nobel a 2004.

Amma damuwarki tana da tushe. Tun 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 kan shigar da mata harkar sulhu, har yau kuwa 'yan ƙalilan ne ake ba kujera a teburin tattaunawa.